Hutun Akawal

Ranar da Akawal ya ci tsere, Baba yana kwance a asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu, saboda haka bai gani ba. Abin da ya samu kawai bidiyon da surukarsa ta ɗauko masa a waya, wanda rabinsa sararin sama ne, rabinsa ƙeyar wani mutum mai doguwar hula, sai ihun jama'a. Dokin kansa bai bayyana ba sai can ƙarshe, ya gifta kamar baƙin ƙyallen da iska ta figa. Baba ya kalla har sau biyu, ya miƙa mata wayarta ya ce, "An gode, 'yar nan. Ƙeyar mutumin ta fito sosai."

'Ya'yansa uku ne. Babban, wanda kowa ke kira Yaya Babba, aikin ofis yake yi, doki bai dame shi ba sai in an ci kofi ana ɗaukar hoto. Mai bi masa ma'aikaciyar jinya ce, gidan duka Yaya Nas ake ce mata. Sai Auta, wadda tun tana tatata take bin Baba barga riƙe da gefen rigarsa, har ta girma, ta yi aure, ta haihu, ƙanshin ciyawa da gumin doki bai bar jikinta ba. Da ƙafafun Baba suka fara kumbura, ita ya danƙa wa bargar, kuma ita hukumar sukuwa ta sani a matsayin mai horo. Doki ba ya shiga tsere daga bargar nan sai da yardarta.

Yawancin dawakin na mutane ne da ke kawowa a horar musu. Akawal kuwa na Baba ne na kansa, baƙi wuluk, shi ya sa sunan. A gabansa aka haife shi, shi ya goge shi da buhu, shi ya fara ɗora masa sirdi, kuma an yi shekara da shekaru bargar ba ta ga doki kamarsa ba.

Sai dai nasarar ta ci masa jiki. Tseren mai nisa ne, ƙasa ta yi tauri, kuma kafaɗa da kafaɗa suka yi da wani jan doki tun daga kwanar ƙarshe har layi. Washegari ya bar rabin abincinsa a kwami. Haƙarƙarinsa suka fara nunawa, gashin nan mai sheƙi kamar an shafa mai ya dusashe. Dokin da ke kai wa duk wanda ya gifta ƙofarsa cizo, yanzu sai ya juya wa mutane baya, ya cusa kai a kusurwa. In kuma Auta ta shafa ƙafarsa ta gaba ta hagu da safe, tana jin ɗumi a gaɓar da ke saman kofato, ɗumin da babu shi a ɗaya ƙafar.

Wannan bai tayar mata da hankali ba. Haka doki yake yi in ya ba da duk abin da ke cikinsa. Wani mako biyu ya ishe shi ya dawo daidai, musamman mai gajeren zango. Wani sai ya yi wata, wani ma ya fi haka. Ba kalanda ke faɗin ranar da doki ya huta ba, kwaminsa ke faɗi, da ƙafarsa, da idonsa. Ta riga ta yanke cewa Akawal ya gama na bana. Taro ɗaya ya rage a rufe filin sukuwa saboda damina, sai kuma bayan ruwa ya ɗauke. A sake shi a ɗan filin da ke bayan barga ya yi ta birgima son ransa.

Ana nan sai aka sallamo Baba, ba don ya warke ba. Likitoci suka ce hantar ta gaza, a kai shi gida, a yi masa abin da ransa ke so. Da aka tambaye shi, bai ce a dafa masa wani abu ba, bai ce a kira masa wane ba. Ya ce yana so ya ga Akawal yana gudu da idonsa, a taron ƙarshen nan da ya rage mako guda da 'yan kwanaki.

A falo aka zauna maganar da yamma. Baba yana ɗaki yana barci, ko yana yi kamar mai barci, don shi ya ce a bar ƙofar a buɗe.

"To, Auta, kin ji abin da ya ce," in ji Yaya Babba. "Sai ki sa sunan dokin."

"Bai huta ba, Yaya."

"Wa?"

"Dokin."

Yaya Babba ya kalli Yaya Nas, ya dawo da ido kan Auta. "Tun da aka yi tseren nan yana tsaye a inuwa ana kawo masa abinci har baki. Ni da nake fita kullum tun safe ban ce ban huta ba."

"Ai abincin ne ba ya ci. Kuma ƙafarsa da zafi."

"Yana ɗingishi?"

"Ba ya yi."

"To fa?"

"In ya fara ɗingishi ai an makara."

"Auta, doki fa ake magana. Dabba. Wancan da ke kwance kuma mahaifinmu ne. Gudun nan duka-duka minti nawa ne?"

"A cikin mintocin ne suke karyewa, Yaya."

Sai da suka gaji Yaya Nas ta sa baki. Tana naɗe abin awon jini tana sawa a jakarsa ta ce, ƙasa-ƙasa don kada a ji a ɗaki, "Ni ban san doki ba. Abin da na sani shi ne, kada ki sa rai da bayan damina. Rai na Allah ne, amma kada ki sa rai."

Kashegari Auta ta kira likitan dabbobin da ke duba musu dawaki. Ya lanƙwasa gaɓar ya riƙe, ya sa aka yi sassarfa da dokin a kan siminti yana sauraron bugun kofato, ya ɗauki hoton ƙashin da 'yar na'urarsa. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Babu abin da ya fito," ya ce. "Amma gudu irin wancan yana barin 'yan tsage-tsage a ƙashi da hoto ba ya kamawa. In an bar doki, da kansu suke haɗewa. In ba a bari ba, wani lokaci su ne ke zama karaya. Ba zan ce miki zai karye ba. Da yawa irinsa ana sa su, su dawo lafiya lau."

"In naka ne, Likita, za ka sa shi?"

"Ba zan sa ba." Ya rufe akwatinsa. "Amma ni babana ba ya kwance."

Da Baba ya ji an kira likita, sai ya ce a tura shi barga. Aka ɗora shi a keken marasa lafiya, Auta ta tura shi ta ƙofar baya, ta kan tsakuwar da ke sa keken rawa. Masu aikin barga suka ajiye cebur suka zo gaisuwa, ya amsa da hannu kawai, idonsa na kan ƙofar Akawal. Aka fito da dokin. Ya sunkuyo ya shinshina hular tsohon, ya hura masa iska a kunne.

"Ya rame," in ji Baba.

"Shi ne nake faɗa, Baba."

"Ramar gudu ce. Doki mai ƙiba ba ya cin tsere. Matso da shi."

Aka matso da shi har kofatonsa yana taɓa tayar keken. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya ɗora tafinsa a gaɓar hagu, ya daɗe. Ya mayar kan ta dama. Auta tana kallon hannun: ya kumbura, yatsun sun yi sumul kamar ba nasa ba, hannun da a da ko ɗan ɗumin da bai kai ya kawo ba yana ji kafin kowa ya ji.

"Sanyi ƙalau," ya ce. "Duka biyun."

Auta ta durƙusa ta sa nata hannun. Ɗumin yana nan inda ta bar shi da safe. Ta ɗago ta kalle shi, shi kuma yana kallon saman rufi. Ba ta sani ba ko hannun ne ya daina ji, ko kuwa ya ji ya faɗi abin da ya faɗa. Ba ta tambaya ba.

"Baba, kai ka koya mini ba a sa doki sai ya cinye abincinsa ya nemi ƙari."

"Ni na koya miki. Ni kuma na sha sa doki bayan mako guda ya ci. Ba a haife ki ba a lokacin."

"Wannan ba zai iya ba."

"Ya gaya miki?"

"Ƙafarsa ta gaya mini."

"Dokin wa ne?"

"Naka ne, Baba."

"To."

"Amma ba zan sa shi ba."

Masu aikin barga suka koma kan cebur ɗinsu kamar an kira su. Baba bai ɗaga murya ba. Ya gyara hularsa da dokin ya karkata, ya ce wa ɗaya daga cikinsu, "Kai, zo ka mayar da ni ciki."

Daga ranar ya daina yi mata magana. In ta shiga gaishe shi ya amsa, don bai taɓa ƙin amsa gaisuwa ba, amma iyakarta ke nan. In ta kawo shayi sai ya ce wa Yaya Nas, "Ki gaya wa mai horo sukari ya yi yawa." In tana gyara masa matashi ya rufe ido. Dangi masu zuwa dubiya suka ji labari, kowa da abin da zai ce. Wata gwaggonsu ta ja ta gefe a kicin ta ce, "Ke 'yar nan, zuciyarki dutse ce? Doki in ya mutu a sayi wani. Uba fa?" Auta ta ce, "To, Gwaggo," ta ci gaba da wanke kofuna.

Yaya Babba ya nemo wata hanya. A bayan bargarsu akwai wani mai horo da ake wa laƙabi da Ba-Fashi, don dawakinsa ba sa fashin taro ko da ƙafa uku suke tafiya. Yaya Babba ya je ya same shi, ya dawo da murna ya shiga ɗakin Baba. Auta tana falo tana jiyo su.

"Ya yarda, Baba. A mayar da dokin bargarsa, shi zai sa shi da sunansa. Ba sai an roƙi kowa ba."

Can sai muryar tsohon ta fito da ƙarfin da aka kwana biyu ba a ji ba.

"Dokina? A bargar Ba-Fashi? Mutumin da ke ba doki ruwa yana huci? Kai dai ofis ya cinye maka kai. Tashi ka ba ni wuri."

Yaya Babba ya fito yana sosa ƙeya. Bai kalli Auta ba ya wuce mota.

Maganar ta tsaya a nan: Baba ba zai kai dokin wani wuri ba, ita kuma ba za ta sa shi ba. Ba wai zuciyarta ba ta rawa ba ne. Tana yi, musamman in ta taimaka wa Yaya Nas juya shi a gado ta ji yadda ya zama ba nauyi. Sai ta ce wa kanta, da yawa ana sa su su dawo lafiya, likita ma ya faɗa. Amma ta taɓa tsayawa a bakin fili ta ga yadda abin ke faruwa: ƙara ɗaya kamar an taka busasshen itace, doki ya kifa, ya miƙe yana neman ci gaba da gudu da ƙafar tana lilo, sannan ma'aikata su zo da tamfol su kare shi daga idon mutane a ƙarasa shi. In haka ta faru, a gaban Baba za ta faru, kuma da mutum a bayan dokin.

Mutumin kuwa shi ne Tsinke, mahayin bargar. Ya haura arba'in, furfura ta fara fito masa, amma har yanzu in ya tsaya a gefe sai a ɗauka sanda aka jingine. Ya yi shekaru rabonsa da ya ci ya ƙoshi don kada ya yi wa doki nauyi, shi ya sa ba ya yawan fara'a.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe karɓar sunaye, Akawal ya cinye abincinsa tas, har yana lasar kwami. Da mai shara ya gifta, ya kai masa cizo a kafaɗa. Auta ta shafa ƙafar ta ji ɗumin ya ragu sosai. Hakan bai yi mata daɗi ba, don da a ce bai ragu ba da ta fi samun sauƙi. Ta sa aka ɗaura sirdi, ta ce wa Tsinke ya kai shi filin kilisa ya ɗan sake shi, kada ya matsa masa.

Dokin ya tafi da kyau. Daga inda take tsaye ba ta ga aibi ba ko kaɗan. Tsinke ya dawo ya sauka, ya zare hular kwano, ya tsaya yana shafa wuyan dokin.

"Ya ka ji shi?"

"Yana da gudu."

"Na ga gudun. Ya ka ji shi?"

"A miƙe babu laifi. A kwana ne yake sauya ƙafa da wuri, kamar ba ya son ya ɗora nauyi a hagu. Kaɗan ne fa. Wanda bai san shi ba ba zai ji ba."

"In na sa shi za ka hau?"

"Don tsoho zan hau," ya ce. "Amma matata za ta so ta san wanda ya sa."

Washegari ɗumin ya dawo, bai kai na da ba, amma ya dawo. Auta ta sa aka ɗaura masa ƙanƙara, ta wanke hannu, ta tafi ofishin hukumar. Ta sa sunan doki daga bargarsu, amma ba Akawal ba.

Akwai wani tsohon doki a ɗakin ƙarshe, shi ma na Baba ne, ja mai farin goshi. Sunansa na takarda an manta da shi, Sai-Gobe ake ce masa, don 'yan kallo sun ce in an tashi tsere yau shi sai gobe yake isowa. Lafiyarsa ƙalau, ƙafafunsa kamar ƙarfe, ba ya ciwo, ba ya gajiya, gudun ne kawai Allah bai ba shi ba. Aikinsa yanzu raka ƙananan dawaki kilisa don su natsu. Shi Auta ta sa a tseren farko na ranar, wanda ake yi wa dawakin da ba su taɓuka komai ba.

Da Yaya Babba ya ji, ya kira ta a waya. "Wannan ai raini ne. Ya ce Akawal, kin kawo masa jaki."

"Dokinsa ne shi ma. Kuma shi ya huta."

"Ya huta mana, tun da aka haife shi hutawa yake!"

Baba kuwa ya ce wa Yaya Nas, "Ki gaya wa mai horo ba ni zuwa. Ban kai lalacewar da zan je kallon Sai-Gobe ba."

Ranar taron, Auta ta shiga gidan da hantsi don ɗaukar rigar mahayi da aka goge. Ta tarar da shi a falo a kan kekensa, ya sa babbar rigarsa ta fita wadda yanzu ta yi masa yawa, ga abin hangen nesansa rataye a wuya. Yaya Nas tana tsaye a bayansa da jakar magani.

"Ki tambayi mai horo," ya ce, yana kallon bango, "ko motar sai gobe ita ma."

A filin sukuwa an yi rana, an yi mutane. Yaya Babba ya tura keken har bakin shingen ƙarfe kusa da layin ƙarshe, Yaya Nas ta riƙe masa lema. Kafin a jima tsofaffin abokan sana'a suka gane shi. Masu horo, tsofaffin mahaya da suka yi teɓa, mai yi wa dawaki takalmi, wani alƙalin tsere da suka yi shekaru ba sa ga maciji, duk suka zo suna riƙe masa hannu. Ba-Fashi ma ya zo, Baba ya tambaye shi ko dawakinsa suna samun barci. Aka yi dariya, har shi Ba-Fashin.

Auta tana can wajen ɗaura sirdi. Ta ce wa Tsinke, "Ka riƙe shi a baya, ka bi shinge. In ya rage wani abu a ƙarshe, ka nema."

"Babu abin da zai rage," in ji Tsinke. "Ai na san shi."

Aka buɗe ƙofofi. Ko ihun mutanen da ya daɗe bai ji ba ne ya shiga kan Sai-Gobe, ko Tsinke ne ya yi gaban kansa, Auta ba ta tantance ba. Ta dai ga farin goshin nan a gaba. Mai sanarwa ya faɗi sunan na takarda, ba wanda ya gane, sai wani daga cikin 'yan kallo ya ƙwala, "Kai, Sai-Gobe ne!" Filin ya ɗauka. Suka wuce miƙaƙƙiyar hanya ta can nesa yana gaba. Suka shiga kwana yana gaba. Mutanen da ba su taɓa yi masa ko kallo ba suka hau tsalle suna kiran sunansa suna dariya.

Auta ta waiga wajen shinge. Baba ba ya kan keke. Yana tsaye, hannu biyu a kan ƙarfe, lemar ta faɗi ƙasa, Yaya Nas ta rungume ƙugunsa ta baya, Yaya Babba ya tallafe shi ta gefe. Bakinsa a buɗe, yana faɗin wani abu da ihu ya hana a ji.

Da suka miƙe zuwa layi, gudun Sai-Gobe ya ƙare kamar an zare masa waya. Ɗaya ya wuce shi, biyu suka wuce shi tare, sai wani, sai wani. Ya iso yana gaban doki ɗaya tak, shi ma wancan mahayinsa likkafa ta suɓuce masa.

Aka zaunar da Baba yana haki, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Yaya Nas ta kama hannunsa tana duba bugun jini, ya fizge. Ya ce a kira masa Tsinke. Tsinke ya zo da sirdi a hannu, ƙura ta rufe masa fuska.

"Kai, shekararka nawa kana hawa? Wa ya ce ka sake shi tun daga ƙofa? Dokin da numfashinsa bai fi na tsohuwar akuya ba! Da ka riƙe shi zuwa kwana da na huɗu zai zo. Na huɗu!"

"Shi ya ƙwace, Baba."

"Ya ƙwace! Sai-Gobe ya ƙwace! Ku ji fa." Ya juyo, ya nuna Auta da yatsa. "Ke kuma, Auta, me kika ce masa? Haka na koya miki?"

"Na ce ya riƙe shi a baya, Baba."

"To ba ki faɗa da ƙarfi ba. Kuma linzamin nan ba nasa ba ne, tun daga nan na gani. Bakinsa taushi gare shi, ki sa masa wancan mai roba."

"To, Baba."

Bai yarda an tafi ba sai da aka yi tsere uku. A mota ma faɗan bai ƙare ba, daga Tsinke ya koma kan alƙalan, daga su ya koma kan masu gyaran fili da suka bar ƙasa ta yi tauri. Ana shiga layin gidan barci ya ɗauke shi, da abin hangen nesan a cinyarsa.

Bayan wannan ya ci gaba da yi mata magana kamar ba a yi komai ba. Kullum da safe in ta shigo sai ya tambayi me kowane doki ya ci, me ya bari. Maganar sa Akawal a tsere bai sake tayar da ita ba, bai kuma taɓa cewa ta yi daidai ba. Ruwa ya sauka, aka rufe fili. Ya rasu a tsakiyar damina, wata ranar da aka wuni ana yayyafi, 'ya'yansa uku suna ɗakin.

Da aka natsa, Yaya Babba ya ce a bar wa Auta bargar da dawakin biyu, shi ba shi da abin yi da su. Bai yi mata gori ba. Sau ɗaya dai, suna kwashe kayan ɗakin, ya ce, "Da kin sa shi, da lafiya zai dawo." Ta ce, "Wataƙila, Yaya." Ba ta faɗa don a zauna lafiya ba, iyakar abin da ta sani ke nan. Ƙafar ta huce da kanta tun kafin ruwa ya yi nisa, hoton da likita ya sake ɗauka bai nuna komai ba, kamar na farko.

Akawal ya yi damina yana kiwo da birgima a taɓo. Ya cika, ya yi sheƙi, ya ciji kusan kowa a bargar. Da aka buɗe fili ta sa shi a taron farko. Yaya Babba da Yaya Nas suka zo da iyalansu suka tsaya a bakin shinge.

Tun a wajen zagayawa dokin ke rawa yana tsalle, gumi ya yi masa kumfa a wuya kafin a je ko'ina. A bakin ƙofa ya miƙe tsaye ya zubar da Tsinke, sai da aka kamo shi aka sake ɗora mahayin. Da aka tashi ya fita kamar an harba shi, ya ja linzami har rabin hanya, a ƙarshe numfashi ya gaza masa. Na huɗu ya zo.

Tsinke ya sauka yana dafe da ƙugu. "Hutun ya yi masa yawa," ya ce. "Ga teɓa, ga rashin kunya."

Auta ta durƙusa ta shafa ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe ta karɓi ragama. "Jibi ka zo da wuri," ta ce. "Za mu ƙara masa zango."